Yadda Na Koyi Tsayuwa a Tiyanjin

Jirgin ƙasa ne ya sauke mu a Tiyanjin da hantsi, ni da Bulus, cikin wani irin sanyi da ban taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba. A ƙarshen shekarun 1980 ne. Masaƙar da muke wa aiki a Kaduna ta yi odar sababbin injinan saƙa daga ƙasar Sin, aka zaɓe mu mu biyu mu je mu koyo gyaransu. Ni Sa'idu, makaniki, haihuwar Unguwar Kanawa. Bulus kuwa ɗan kudancin jihar ne, aikin lantarki yake yi. A gida gaisuwar bakin get kawai ke haɗa mu. A can ɗaki ɗaya aka ba mu, da gado biyu da butar shayi ɗaya.

Tun a bakin tasha aka yi mana maraba da cuta. Wanda aka ce zai tarye mu ya makara, muna tsaye cikin 'yan rigunan sanyin da muka saya a gwanjon Babbar Kasuwa, haƙoranmu na haɗuwa. Sai ga wani mutum mai fara'a da manyan kwat guda biyu a kafaɗa. Ya ɗora mini ɗaya, ya ɗaure mini maɓalli da hannunsa kamar uba da ɗansa. Muka saya muna ta godiya. Ba a daɗe ba ɗinkin hammatar tawa ya farke, sai ga yayyagaggun jaridu suna zubowa a maimakon auduga. Bulus ya ɗauki guda ya ɗaga sama, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Mutumina, ashe labarai muke sanye da su. Ga shi ko karantawa ba mu iya ba."

Ni ban yi dariya ba. A lokacin komai ɓata mini rai yake yi. Duk inda muka bi sai a tsaya ana kallonmu, masu keke har karo suke yi da juna. Wata rana a cikin bas wata tsohuwa ta sa yatsa ta goga bayan hannuna, ta duba yatsan. Da ta ga babu abin da ya fita sai kunya ta kama ta, ta laluba jakarta ta ciro lemo ta danƙa mini. Na riƙe lemon har muka sauka, na rasa ko fushi zan yi ko godiya.

Abinci ne ya fi wahalar da ni. A kantin masaƙar da muke koyon aiki ba na iya bambance naman da ya halatta da wanda bai halatta ba, don haka na koma burodi da dafaffen ƙwai da ruwan shayi. Garin kuka da yaji da daddawar da matata Hadiza ta ƙulla mini ba su kai ko'ina ba suka ƙare. Wandona ya fara zamewa, na ƙara huda bel. Ba na jin kiran salla daga ko'ina, sai dai in duba agogo in yi kirdado. Wani lokaci ina tsaye gaban inji sai kawai ƙamshin ƙosan da ake toyawa a bakin layinmu ya faɗo mini a hanci, in tsaya in yi ta haɗiyar yawu.

Ana cikin haka na faɗi. Da safe ne, muna sauri mu kama bas, na taka ƙanƙarar da ta daskare a kan matakala. Ƙafafuna suka yi sama, ƙuguna ya daki bakin siminti. A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashi bai karye ba, aka ba ni magani da wani man shafawa mai warin kafur. Amma ciwon ya ƙi tafiya. Ba na iya sunkuyawa, sallata ma a zaune nake yi. Aikinmu kuwa rabinsa a ƙarƙashin inji ake yin sa, a durƙushe ko a kwance.

Tafintarmu, wata matashiya mai suna Li, ita ta kawo mini saƙon shugaban sashe. Tana magana tana kallon ƙasa.

"Ya ce ka ci gaba da shiga aji. Amma idan lokacin jarrabawar aikin hannu ya zo ba ka iya shiga ƙarƙashin inji ba, za a mayar da kai gida, ba takardar shaida."

Na san abin da hakan ke nufi. A lokacin masaƙun Kaduna sun fara rage ma'aikata, kuma wanda aka kashe wa kuɗin jirgi ya dawo hannu biyu shi ne farkon wanda za a nuna wa ƙofa. Ga Hadiza da jaririya, ga mahaifiyata a ɗaki, duk ni suke kallo.

Wata Lahadi Bulus ya shigo yana haki, hancinsa na yoyo. Ashe tun da na faɗi yake yawo lungu-lungu bayan an tashi aiki.

Ya ce, "Tashi, Malam Sa'idu. Na ga rubutunku a kan wata ƙofa."

"Wane rubutu?"

"Na Larabci mana. Ni dai ban san me ya ce ba, amma na leƙa na ga masu farar hula suna cin nama. Tashi in rakaka, ko goyo ne in goya ka."

Wani ɗan ƙaramin gidan cin abinci ne a wata tsohuwar unguwa, kusa da masallaci mai rufin koren tayil wanda da na gan shi a hanya ba zan ce masallaci ba ne. Na yi sallama a bakin ƙofa. Wani tsoho gajere mai farin gemu siriri ya ajiye ludayi ya amsa mini cikakkiyar sallama. Ya kama hannuna da hannu biyu ya zaunar da ni kusa da murhu, ya kawo kwanon taliya da romon rago yana tururi. Na kai cokali na farko baki sai hawaye suka zubo mini. Tsohon ya juya baya ya shiga goge tebur, ya bar ni na gama. Sunansa Ma. Tun daga ranar nake kiransa Baba Ma, shi kuma yana ce mini Saide, yadda sunana ya zauna a bakinsa ke nan.

Da zan tashi ya ga yadda na dafa tebur na miƙe a karkace. Ya zagayo ya danna ƙuguna da babban yatsa, na yi ƙara. Sinancina a lokacin na kasuwa ne, guntu-guntu, amma da hannu da ido muka fahimci juna. Ya ce in same shi gobe bayan asuba a lambun bakin kogi, zai koya mini taici.

Ni dai abin da na ji shi ne wasan faɗan 'yan Sin. Mun sha kallonsa a silima a Kaduna, mutum ɗaya ya tashi sama ya watsa mutum goma. Abokaina na teburin mai shayi har cewa suka yi kada in kuskura in dawo ban iya fasa bulo da hannu ba. Duk da ciwon da nake ciki sai da zuciyata ta yi tsalle. Na ce ashe zan warke, kuma in koma gida da abin nunawa.

Abin da na tarar a lambun ya sanyaya mini gwiwa. Tsofaffi ne maza da mata cikin kayan sanyi, sun jeru a ƙarƙashin bishiyoyin da ba ganye, suna ɗaga hannu suna saukewa a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Ba ihu, ba tsalle, ba duka. Sai kuma wani tsoro ya kama ni, na ce kada dai wata bauta ce ake yi wa rana. Na ja Baba Ma gefe na tambaye shi. Ya yi dariya har hularsa ta goce.

Ya ce, "Na yi sallata kafin in fito, Saide. Wannan na ƙashi ne da jijiya. Ba wanda ake roƙo a nan."

Na ce, "To Baba, yaushe zan warke?"

"Ban sani ba."

"Yaushe zan iya duka?"

Ya nuna mini wata tsohuwa mai jar hula a layin gaba. Ya ce tun ba a haife ni ba take zuwa lambun nan, kuma jiya ma sai da ya gyara mata gwiwar hannu. Daga nan ya gaya mini abin da zan gani. Ya maimaita ya sake maimaitawa har na gane.

"Ƙafafunka za su yi rawa. Cinyoyinka za su yi tsami. Abin da na koya maka yau, gobe za ka manta shi. Idan ka ga waɗannan, kana kan hanya. Amma idan ka ji ciwo mai suka kamar wuƙa, ka tsaya ka gaya mini. Kada ka kalli na kusa da kai, shi da jikinsa ya zo, kai da naka."

Sai ya tsayar da ni. Ya buɗa ƙafafuna daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan lanƙwasa mini gwiwa, ya ɗaga hannuwana kamar na rungumi randa. Ya dafa kafaɗuna ya ce in sake su, ya dafa cikina ya ce numfashi ya sauko nan. Ya tafi ya bar ni. Kafin a jima cinyoyina suka kama kaɗawa kamar injin da aka kwance wa noti, zufa na keto mini cikin wannan sanyin. Abin da na yi ke nan ranar. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Bulus ya tambaye ni me aka koya mini. Na ce tsayuwa.

Ya ce, "Kai da ka shekara talatin kana tsaye, sai a Sin za a koya maka?"

Bayan tsayuwa aka zo tafiya. In ɗora nauyina duka a ƙafa ɗaya, in ɗaga ɗayar in ajiye diddige a hankali kamar mai tsoron tada jariri, sannan in zuba nauyin a kanta kaɗan-kaɗan. A nan na gane cewa tun da na faɗi a karkace nake tafiya, ƙafar hagu ke ɗauke da ni, kafaɗuna kuma kullum a ɗage suke har kusa da kunne. Ban taɓa lura ba. Makonni suka wuce, motsin hannu biyu ko uku kawai aka ƙara mini, su ma in na kama na hannu sai na ƙafa ya kuɓuce. Tsohuwar nan mai jar hula takan zo ta tsaya a gabana ta yi a hankali don in bi ta.

Ni kuwa idona na kan kalanda. Jarrabawa na matsowa, ƙuguna bai daina ciwo ba. Akwai wani matashi da ke zuwa can gefen lambun, shi yakan sauka ƙasa sosai har cinyarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya miƙe ya harba ƙafa sama. Na ce a raina wannan shi ne na gaske, tsohon nan lallaɓa ni kawai yake yi. Wata safiya da Baba Ma ya juya baya na gwada sauka irin ta matashin. Ban kai rabi ba na ji kamar an soka mini wuƙa a gadon baya. Tsofaffin nan su suka ɗaga ni, aka ɗora ni a bayan keken kaya aka kai ni masauki.

Na kwanta ban fita ba, ko aji ban je ba. Na ce wa Bulus ya gaya wa Li a fara shirya mini tikiti, na gaji. Ya ce shi ba zai kai wannan saƙon ba, in ina so in tashi in kai da ƙafata.

Ana nan sai ga Baba Ma da yamma, ya tuƙo kekensa tun daga unguwarsu, da kwanon romo a naɗe cikin tawul. Na zaci faɗa zai yi. Bai ko ambaci lambu ba. Ya zauna a bakin gadon Bulus har na shanye, yana ta murza hularsa a hannu. Can ya ce yana da wata buƙata. Ya ji karatuna ranar Juma'a a masallaci lokacin da nake nafila a zaune. Ya ce akwai wasu shekaru da aka rufe masallacinsu aka mai da shi ɗakin ajiyar kaya, malamansu suka watse, littattafan mahaifinsa suka salwanta. Abin da ya rage masa na karatun salla guntaye ne da ya riƙe tun yana yaro, ya san akwai ɓaraka a ciki, kuma kunya ta hana shi tambayar limaminsu, wanda sa'an ɗansa ne.

Ya ce, "Na tsufa, Saide. Ba na son in je gaban Ubangiji da karyayyen karatu. Za ka gyara mini?"

Ni ba malami ba ne. Allo kawai na yi a zauren Malam Na'iya a Unguwar Kanawa, kamar kowane yaro na layinmu. Amma me zan ce wa wannan bawan Allah? Na gyara kwanciya na ce ya karanta in ji.

Da na samu na miƙe, sai muka raba safiya gida biyu. In an fito masallaci mu zauna a shagonsa kusa da murhu in biya masa, in gari ya waye mu tafi lambu ya tsayar da ni. A nan na ga abin mamaki. Mutumin da ke iya tsayuwa kamar bishiya har rana ta fito, a gaban karatu ba shi da haƙuri ko kaɗan. Akwai haruffan da harshensa ya ƙi ɗauka sam. In ya gwada ya kasa sai ya daki cinyarsa ya ce kansa ya zama dutse. Yana so mu wuce sura ta gaba alhali ta jiya ba ta zauna ba.

Na ce, "Baba, harshenka zai yi rawa. Na yau kuma gobe za ka manta shi. In ka ga haka kana kan hanya."

Ya harare ni, sannan ya fashe da dariya har da tari. Daga ranar ban sake tambayarsa yaushe zan warke ba, shi ma bai sake cewa mu tsallake ba.

Ba zan iya nuna ranar da sauƙi ya zo ba. Na dai lura barcina ya daidaita, ina cin abinci, na daina jin haushin masu kallona a titi. Wata safiya na ɗaure igiyar takalmina, sai da na fita waje na tuna ban dafa bango ba. Azumi ya kama lokacin da bishiyoyin lambun suka fara toho, a cikinsa na kai goshina ƙasa a karon farko tun faɗuwata. Na daɗe a sujadar nan, har na kusa da ni ya taɓa ni ya ga ko lafiya.

Ranar jarrabawa aka kwance wani sashe na inji aka ce in gano matsalar in mayar. Na sauka ƙasa yadda aka koya mini, baya a miƙe, nauyi a ƙafa, ina sauke numfashi. Ciwon yana nan, amma na cije. Da na gama na miƙe da ƙarfin cinya, aka kunna inji ya ɗauka. Shugaban sashe ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Li ta rufe baki da hannu tana murmushi. Bulus kuwa, wanda ya ci tasa jarrabawar tun da safe, ya rungume ni ya ɗaga ni sama har sai da na yi ihu na ce ya tuna da ƙuguna.

Ban koyi ko rabin jerin motsin taici ba har muka gama kwas. Ƙuguna bai koma kamar da ba, har yau in damina ta sauka yakan tuna mini da matakalar nan. Amma na dawo da takardata, na riƙe aikina shekaru masu yawa, na aurar da 'ya'yana. Har gobe in na dawo daga masallaci nakan tsaya a tsakar gida in rungumi randar da babu ita, jikoki na leƙe ta taga. Ɗan abin da na iya shi nake maimaitawa, kuma ya ishe ni.

Asubar ranar da za mu bar Tiyanjin na je masallaci in yi sallama. Limamin ya yi tafiya, mu kaɗan ne, yawanci tsofaffi. Aka tada iƙama aka shiga kallon juna. Suka nuna ni, na girgiza kai, na kama hannun Baba Ma na ja shi gaba. Ya tirje, ya ce shi bai taɓa ba. Na ce, "Baba, buɗa ƙafa, saki kafaɗa." Tsofaffin suka yi 'yar dariya, ya shiga gaba yana gyara hula.

Ya yi kabbara ya fara karatu. Muryarsa na rawa da farko, can ta zauna. Haruffan nan da suka wahalar da shi ba duka suka fito daidai ba, amma bai tsallake ko aya ɗaya ba. Sai na ji wani abu da ban lura da shi ba duk watannin da muka yi muna biyawa. Inda yake jan murya da inda yake saukewa, da 'yar karyewar da yake yi a ƙarshen aya, duk na Malam Na'iya ne. Karin zauren Unguwar Kanawa ne sak yake fitowa daga bakin tsohon Basine, a wani masallaci a bakin duniya. Na tsaya a bayansa hawaye na bin gemuna har aka yi ruku'u.

Da aka sallame bai juyo ba sai da kowa ya fita. Sannan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Saide, kuskure nawa na yi?"

Na ce, "Ban ƙirga ba, Baba."

Ya riƙe hannuna muka fito tare har bakin titi. Ban sake ganinsa ba. In yana raye Allah ya ƙara masa lafiya, in kuma ya riga mu, Allah ya karɓi karatunsa yadda ya zo da shi.